Bayanan rijiyoyin Maraɗi sun cancanci a haɗa su wuri guda

Idan ana haƙa rijiyar burtsatse, ma'aikaci kan ɗebi abin da ke fitowa daga rami ya jera shi tuli-tuli a ƙasa, nan jan rairayi, can yumɓu, gaba kaɗan tsakuwa, kuma ya rubuta zurfin da kowanne ya fito. Da an gama aiki, takardar sai ta tafi ofis ta kwanta. A ganina wannan babbar asara ce, domin da za a zuba irin waɗannan takardu cikin kwamfuta, za a iya fitar da siffar ƙarƙashin jihar Maraɗi mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, yadda masani zai juya ta, ya yanka ta duk inda ya ga dama.

Rijiya ɗaya ba ta faɗin komai sai abin da ke ƙarƙashinta. Ɗaruruwa kuwa, idan aka haɗa su, suna nuna yadda tsohon dutsen da ya haura shekara miliyan 500, wanda ke leƙowa a kudu wajen Ɗan Isa kusa da iyakar Najeriya, yake nutsewa sannu a hankali zuwa arewa, inda shimfiɗun rairayi da yumɓu na kwarin Iullemmeden, wato babban kwarin da ya mamaye yammacin Nijar, suka binne shi. Daga kaurin kowace shimfiɗa ake gane inda tsofaffin koguna suka bi da lokacin da suka sauya hanya, kuma ta haka ne za mu fahimci Gulbin Kaba, wanda faɗinsa ke shaida cewa ya taɓa ɗaukar ruwan da ba ma gani yanzu.

Wasu za su ce wannan aikin masana ne kawai. Mutanen Tibiri, kusa da birnin Maraɗi, sun san ba haka ba ne, tun da ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara sha a shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa saboda sinadarin fulorayid da ya zarce miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Siffar da ta nuna shimfiɗar da irin wannan ruwa ke kwance cikinta za ta gargaɗi mai haƙa tun bai kai can ba.

Tabbas siffar tana cike giɓin da ke tsakanin rijiya da rijiya da ƙiyasi, saboda haka ingancinta ya dogara ga yawan bayanan da aka ba ta. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na da ɗaliban da za su iya tattara su, muddin ma'aikatar ruwa da kamfanonin haƙa suka buɗe musu takardunsu.