Ku bari baƙon ya kai aya

Ina cikin masoyan Trevor Noah, ɗan Afirka ta Kudu da ya gabatar da shirin dare na The Daily Show daga 2015 zuwa 2022, musamman saboda yadda yake sauraron baƙinsa. Masu ba ni haushi su ne 'yan'uwana masoyansa na teburin mai shayinmu a Jekadafari, nan Gombe. Da an kunna tsohuwar hira a waya, sai wani ya riga baƙon ba da amsa domin ya haddace ta, wani kuma ya bushe da dariya tun barkwancin bai iso ba. Daren jiya sau uku ana mayar da bidiyon baya, shayina ya huce, datar mai wayar ta ƙare, ban kuwa ji abin da baƙon ya ce ba.