Bel ɗin da na saƙale a hammata

Makullin bel ɗin motata ya lalace tun kafin azumi. Duk ranar da na ce zan kai wa makaniki sai wani abu ya taso, har na ƙirƙiro dabarata: in na hango 'yan Rod Sefti, sai in jawo bel ɗin ya ratsa ƙirjina, in danne ƙarshensa da gwiwar hannu. Daga nesa kai ka ce ɗaurarre ne. Wata huɗu ina cin nasara.

Ran wata Asabar za mu ɗaurin aure Zariya, ni da Kawu. Mun wuce Kwanar Dangora ke nan na hango motarsu a gefen titi. Na jawo bel, na danne, na gyara zama kamar limamin Juma'a. Sai waya ta ɗauki ruri. Uwargida ce, kuma duk mai aure ya san kiran uwargida ba ya jira. Na ɗaga hannu na kara a kunne, bel ya yi fiiit ya koma mazauninsa, a hanya ƙarfensa ya ɗan gaisa da haɓata. Daidai gaban jami'in.

Ya ɗaga hannu, na faka.

"Malam, barka da hanya. Ina bel ɗinka?"

"Ranka ya daɗe, yanzun nan ya kwance."

Kafin in ƙara kalma Kawu ya leƙo. "Ɗana, kada ya yi maka ƙarya. Tun daga Na'ibawa a hammata yake riƙe da shi. Na yi magana ya ce shi ya san hanya."

Na kalli Kawu. Nasa bel ɗin a ɗaure tsaf, yana tauna goro.

Aka ce in buɗe but. Ina kwalbar kashe gobara? Na ɗaga tabarma, na ture jarka, na zaro jan gwangwani da ƙarfin gwiwa. Maganin sauro ne. Jami'in ya juya shi a hannu, ya ce, "To, in sauro ya kama da wuta kana da shiri." Abokan aikinsa har da riƙe ciki. Alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa in mota ta mutu kuwa, ko ƙurarta babu.

Ya fara rubutu yana karantowa kamar mai rabon gado: rashin bel naira 2,000, waya a kan tuƙi 4,000, kwalbar gobara 3,000, alama 3,000. Dubu goma sha biyu cif, kuɗin da zai gyara makullin nan har a samu canjin tsire. Na matso na rage murya, na ce ko za a duba ni. Ya ce an duba, shi ya sa aka rubuta. Kuɗi sai a banki ta Remita, lasisina kuma zai kwana a wurinsu har in kawo takardar biya.

Ko da muka isa Zariya an shafa fatiha, an ci shinkafa, ana kwashe kujeru. Kawu bai damu ba, ya samu labari. Kafin la'asar dangi kaf sun ji, kowa ya gan ni sai ya danne hammata ya ce, "Direba, ya hanya?"

Ran Litinin na bi layin banki, na kai takarda, aka zaunar da mu a benci ana yi mana huɗubar tuƙi, ni da direbobin haya. Na kusa da ni ya tambayi laifina, na ce gudu. Ya fi daɗin faɗa.

Amma abin da ya fi ci mini rai a daren Asabar ɗin ya faru. Na shigo layinmu a gajiye, sai ga alamata mai kusurwa uku a kafe tsakiyar hanya, yara sun ja igiya. Autana sanye da hular kwano ya ɗaga hannu.

"Baba, faka. Ina lasisi?"