Kafin Ka Ɗaura Kayan Tafiya Aikin Bishara a Ƙauye

Ƙannena maza da mata a cikin Ubangiji, salama a gare ku. Duk lokacin da aka yi kira a taron matasa cewa ana neman masu ba da kansu domin aikin bishara a karkara, nakan ga hannuwa sun tashi, wasu har da hawaye. Wannan himma tana faranta mini rai. Amma na zauna a ƙauye, na ga masu zuwa, na ga masu komawa, kuma yawancin waɗanda suka koma tun lokaci bai yi ba, ba tsanani ne ya kore su ba. Abin da ya kore su shi ne irin ranar Talatar nan da babu taro, babu ganga, babu wanda ya zo neman addu'a, sai jarka biyu da ke jiran a kai su rijiya.

Haka yinin yake. Ka tashi da asuba ka yi addu'a, ka ɗebo ruwa, ka hura wuta. In damina ce, kafin hantsi gari ya watse, kowa yana gona, wanda ya kira nazarin Littafi Mai Tsarki a wannan lokaci da benci zai yi magana. Ɗauki fartanya ka bi su. Da dare a kunna fitila, yara da manya su zo koyon karatu da lissafi. In kana son kiran gida, wataƙila sai ka hau tudu kafin waya ta kama. Wa'azinka na Lahadi bai fi minti 40 ba, sauran kwana shida halinka ake karantawa.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: kai baƙo ne. Garin yana da mai shi, yana da dattawa da dokokinsa tun ba a haife ka ba. Kafin ka kwance kaya, nemi wanda zai kai ka wurin dagaci ko mai unguwa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kada ka ɗauki gaisuwa ɓata lokaci. Ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka tambayi mai jiki. In an yi rasuwa a gidan Musulmi ko na mai addinin gargajiya, je ka zauna a tabarmar ta'aziyya kamar kowa, ka kuma kame bakinka daga zagin abin da mutane suke girmamawa. Da Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, a Luka sura 10, ya ce su fara da yi wa gida sallama, su ci abin da aka kawo musu. Na taɓa ganin wata 'yar'uwa ta yatsina fuska a kan tuwon da wata tsohuwa ta kawo mata. Tsohuwar ba ta ce komai ba, amma matan unguwar nan sun daɗe ba su sake taka ƙofarta ba.

Kada kuma ka ce ai ka iya Hausa, shi ke nan. A Najeriya kaɗai harsuna sun haura 500, kuma akwai ƙauyukan da Hausa harshen kasuwa ce kawai, a cikin gida da nasu suke kuka da dariya. Sayi ɗan littafi, kullum ka rubuta kalma biyar daga bakin yara.

Masu gaggawa su tuna da waɗanda suka riga mu. A 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas, Walta Gowans, Tomas Kent da Roland Bingham. A 1894 ciwo ya kashe biyun farko. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a garin Patigi. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya zauna wata uku ya ce ƙasar ta yi tauri, me ya shuka tukuna?

Akwai wani labari da nake so ƙwarai. Toni Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya yi aikin mishan a yankin Maraɗi ta Nijar, yana ta dasa itatuwa suna ta mutuwa. A 1983 ya tsaya ya duba wasu 'yan ganyaye da yake wucewa kullum a gonaki, sai ya gane ashe tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar sabon dashe, sai dai a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. Manoma da kansu suka ɗauki dabarar, itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada. Ko a cikin ikkilisiyar ƙauye haka abin yake. Za ka tarar da dattijon da ya riƙe sujada shekara da shekaru babu albashi, da matan zumunta da ke ɗaukar nauyin marasa lafiya. Nemo su, ka zauna a ƙarƙashinsu.

Kula da jikinka, domin sakaci ba bangaskiya ba ce. Kwana a gidan sauro, tafasa ruwan sha, kada ka fita da dare babu tocila da takalmi. Ka san haɗin ruwan gishiri da sukari domin mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya da shi asibiti. Iyakarka ke nan in ba ka karanci aikin lafiya ba, kada ka fara yi wa mutane allura don suna kiranka malam.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alkawari da hoto. Saurayi ya zo, tausayi ya kama shi, ya ce zai kawo rijiyar burtsatse, alhali ko kuɗin motar komawa sai an tara masa. Ya tafi, ya bar mai bisharar da ke wurin yana amsa tambaya shekara uku. Wani kuma ya jera yara marasa riga ya ɗauke su ya sa a Facebook. Yaran nan suna da iyaye, iyayen suna da mutunci. Nemi izini, in an hana ka mayar da wayarka aljihu. Kuma in za ka ba da magani ko hatsi, ba kowa, kada ka ce sai wanda ya shigo majami'a.

Kafin ka tashi, zauna da fastonka da dattawan ikkilisiya. Tambaye su wa zai riƙa aiko maka da abinci, wa za ka kira in ka kwanta ciwo, wata nawa za ka yi, yaya lafiyar hanyar take. Ka kuma roƙe su kada su tura ka kai kaɗai.