Lakshmi Mittal, mai sayen masana'antun da gwamnatoci suka gaji da su

Duk inda ake lissafin hamshaƙan harkar ƙarfe a duniya, sunan Lakshmi Mittal yana sahun gaba. Sai dai ba gine-gine ne suka fito da shi ba. Sayen masana'antun da suka durƙushe shi ne sana'arsa, kuma a ganina nan gwanintarsa take, nan ne kuma ake binsa bashi.

An haife shi a 1950 a Sadulpur da ke jihar Rajasthan ta Indiya, ya tashi a Kalkata inda mahaifinsa ke sana'ar ƙarfe. A 1976 ya kafa 'yar ƙaramar masana'anta kusa da Surabaya a Indonesiya. Tauraronsa ya fara haskawa ne a 1989, lokacin da gwamnatin Trinidad da Tobago ta gaji da zuba kuɗi a masana'antarta da ba ta kawo riba. Ya karɓe ta haya, ya tayar da komaɗarta, daga baya ya saye. Haka ya yi a Meziko a 1992, sannan a Kazakhstan a 1995, inda ya sami katafariyar masana'antar Temirtau da Tarayyar Sobiyat ta bari, ya haɗa da mahaƙan kwal ɗin yankin. Dabarar ba ta canzawa: a saya da araha a hannun gwamnatin da ta ƙosa, a turo injiniyoyi da akantoci, a toshe kafofin ɓarna, a nemo kasuwa a waje.

Kada a raina wannan. A Temirtau ya tarar da ma'aikata suna bin albashin watanni, garin kuma da masana'antar yake numfashi, har ɗumama gidaje a lokacin sanyi. Ya biya albashi, wuta ta ci gaba da ci a tanderu.

A 2006 ya nufi sayen Arcelor, babban kamfanin ƙarfe na Turai. Shugabansa na lokacin, Guy Dollé, ya kwatanta ƙarfensu da turare mai tsada, na Mittal kuma da na talakawa. Gorin bai hana komai ba, masu hannun jari suka bi inda kuɗi yake, aka haifi ArcelorMittal, wanda ya zarce kowa a duniya a wancan lokaci.

To amma wanda ya gwanance a rage kashe kuɗi, dole a tambaye shi me ya rage. A 2006 ɗin nan, fashewar iskar gas ta kashe mutum 41 a mahaƙar Lenin mallakar kamfaninsa a Kazakhstan. A watan Oktoba na 2023 wata ta kashe 46 a mahaƙar Kostenko. Kamfanin ya sha cewa yana kashe kuɗi kan kare lafiyar ma'aikata, su kuwa masu shiga ramin sun daɗe suna kokawa da tsofaffin kayan aiki. Gwamnati ta raba gari da shi, aka sauya wa masana'antar suna zuwa Qarmet. Ita ma gwamnatin ba ta fita ba, domin shekara 28 tana da ikon sa ido, sai da gawarwaki suka yi yawa ta tuna da shi.

Mu a Najeriya akwai inda sunan ya shafe mu, kuma ana yawan rikita shi da ɗan'uwansa. Ba Lakshmi aka bai wa masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 2004 ba, kamfanin ƙaninsa Pramod ne, wanda harkarsu ta rabu tun tuni. Gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar a 2008, aka shiga shari'a, har a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. Kazakhstan ta sayar, ta sami ƙarfe, ta yi asarar rayuka saboda sakaci. Mu mun miƙa tamu, muka ƙwace, muka biya diyya, kuma har yau babban tanderun Ajaokuta bai taɓa narka tama ba.