Auren gata ya yi, amma wa ke ciyar da 'ya'yan wadda aka saka?

Tun da aka ji cewa gwamnatin Kano ta ware naira biliyan 2.5 a kasafin kuɗin 2025 domin auren gata, muhawara ta tsaya tsakanin masu cewa an raya sunna an rufa wa talaka asiri da masu cewa gara a zuba kuɗin a makarantu. Abin da yake ɓata mini rai shi ne dukansu sun tsaya a ƙofar ɗakin amarya, babu mai tambayar halin da matar nan za ta shiga ranar da miji ya miƙa mata takarda.

Ba na adawa da shirin. Tun da aka fara shi a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ƙarƙashin kulawar Hukumar Hisba, ya share hawayen iyayen da ba su da halin sayen gado da katifa, kuma a watan Oktoban 2023 kaɗai an ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu. Sai dai da auren zawarawa aka san shi tun farko, kuma wannan suna kansa shaida ne a kanmu. Zawarawan nan daga gidajen aure suka fito, da yawansu da goyo a baya da wasu yaran a hannu, kuma mazan da suka sake su suna nan cikin gari suna neman wani auren ba tare da kowa ya tambaye su kuɗin abincin 'ya'yansu ba.

A nan ne muke yi wa addininmu rashin adalci. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, amma a wajenmu da an furta saki sai ta haɗa kayanta kafin magariba, har iyayenta ma su ga abin kunya ne ta kwana. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da ita ta ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Duk wannan malamai sun karantar da shi a zaure shekara da shekaru. Abin da muka rasa shi ne hukumar da za ta tilasta shi. Mace za ta yi ta zarya kotu tana cin bashin kuɗin mota, alƙali ya yanka wa tsohon mijin abin da bai isa kokon safe ba, ya biya wata ɗaya ko biyu ya daina, ita kuma ta gaji ta bar wa Allah. Daga nan yarinya ta ɗauki farantin talla, yaro kuma a kai shi wani gari da sunan karatu, sannan mu zauna muna mamakin yawan yaran da ke gararamba a titi.

Lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali a 2017, an bar duk abin da daftarin ya ƙunsa an kama jimla ɗaya, wai za a hana talaka ƙara aure, aka yi ta hayaniya har maganar ta kwanta. Masu cewa rubuta irin wannan doka shirin Turawa ne ba su cancanci doguwar amsa ba, domin Maroko ƙasar Malikiyya ce kamarmu, kuma tun 2004 dokar iyalinta ta sa saki da ƙarin aure su bi ta gaban alƙali. Tunisiya tun 1993 take da asusun da ke biyan matar da tsohon mijinta ya ƙi sauke haƙƙin da kotu ta yanka, sannan hukuma ta bi shi ta karɓo. Masar ma tana yin haka ta Bankin Nasir.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce ɗaura aure yana kawo hoto da kirari da ƙuri'a, bin uba ya biya kuɗin abincin ɗansa kuwa yana jawo fushin maza, su ne kuma suka cika majalisa. Gwamnatin da ta iya wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024 ba ta da hujjar cewa shiga sha'anin iyali ya fi ƙarfinta. Majalisar dokokin jiha ta ciro wancan daftarin, malamai su sake duba shi, a wajabta rajistar saki, a ba kotu ikon cire kuɗin ciyarwa daga albashin ma'aikaci ko cinikin ɗan kasuwa. Daga cikin biliyan 2.5 ɗin nan kuma a yanki wani kaso a buɗe asusun da uwa za ta karɓa a ƙarshen wata, Hisba ta bi uban ta karɓo.