Tsofaffi na buƙatar ofishi ɗaya da zai amsa tambaya a kansu

Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da biyan fansho cikin nauyin da ke kan gwamnati. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, ta kuma kafa cibiyar kula da dattawa a Abuja. Amma asibitin da tsohuwa ke zuwa awon jini da ofishin da ke riƙe da takardun fanshon mijinta duk a hannun jiha suke.

A nan aikin ke wargajewa. A Kano, fansho na hannun hukumar amintattun asusun fansho, inshorar lafiya na hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha (KSCHMA), gajiyayyu na ƙarƙashin ma'aikatar mata, ga kuma hukumar zakka da hubusi. Kowa na riƙe da jerin sunayensa. Manomi ko mai ƙosai da ba su taɓa aikin gwamnati ba, su ne mafi yawa, su ne kuma ba sa cikin jerin kowa.

Jihar Ekiti ta gwada biyan tsofaffi kuɗin tallafi a 2011, zamanin Gwamna Kayode Fayemi: naira 5,000 duk wata ga masu shekara 65 zuwa sama. Da gwamnati ta sauya a 2014, shirin ya tsaya. Abin da ya rataya a wuyan gwamna ɗaya, tare da shi yake sauka.

Ra'ayina shi ne kowace jiha ta ware wa tsofaffi sashe guda mai layinsa a kasafin kuɗi, wanda zai riƙa biyansu tallafi duk wata, a fara da rajista mazaɓa-mazaɓa. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, don haka mai unguwa da limami da ma'aikacin lafiya su tabbatar da shekaru tare, kada a bar wa kansila shi kaɗai, domin nan siyasa ke shigowa. Na'urar ɗaukar zanen yatsa takan ƙi yatsun da fartanya ta cinye; a tanadi hoton fuska. Tantancewa kuwa a bi mutum gida. Tara masu shekara 80 a sakateriya cikin rana don su nuna suna raye zalunci ne. Katin ATM yakan ƙare a aljihun jika, saboda haka a riƙa leƙa gidaje ba da sanarwa ba, a tambayi mai kuɗin nawa ya shigo hannunsa. Rasuwa kuma mai unguwa ya kai rahoto cikin wata, in ba haka ba mamaci zai ci gaba da karɓa.

Kuɗin ba su kai yadda ake tsoro ba. Kano na da mazaɓu 484. Mutum 20 a kowace, a kan naira 10,000, miliyan 96.8 ke nan a wata. A saka waɗannan mutane a inshorar lafiya ta jiha, a tabbatar maganin hawan jini da na suga bai yanke a asibitin mazaɓa ba. Duk wata uku sashen ya bayyana gaban majalisar dokoki da adadin waɗanda aka biya, babban mai binciken kuɗi na jiha kuma ya gwada wannan adadi da takardun banki.