Gajeriyar hanya ta cikin Babbar Ganuwa

Wai don Allah, mutum ya rasa inda zai bi da katafila sai ta cikin Babbar Ganuwar Sin? Kun dai ga hotunan nan na lardin Shanxi a 2023. Namiji ɗan shekara 38 da mace 'yar 55, zagayen zuwa wurin aikinsu ya yi musu nisa, sai suka yashe wata kafa a jikin ganuwar da aka gina tun zamanin daular Ming, suka yi wa kansu titi. Gajeriyar hanya! Ginin da ya sha ruwa da iska da dusar ƙanƙara shekaru ɗaruruwa yana tsaye, ƙyuyar zagaye ce ajalinsa.

Masu sharhi ma sun fi ƙona min rai. Wani wai, "To meye? Ganuwa mai kilomita sama da 21,000, don an fasa taku goma?" Sannu injiniya. Wani kuma ya ce ƙasar da jirgin ƙasanta ke gudun kilomita 350 cikin awa ɗaya ina ruwanta da tulin ƙasa. Ku ne dai masu zuwa Guangzhou saro kaya, ku ɗauki hoto a gindin dogon bene, ku dawo ku ce kun ga Sin.

Ni ba jirgin ne ya sa nake ƙaunar Sinawa ba. Takardar da yaranmu ke rubutu a kai daga wurinsu ta fito. Su suka tsara jarrabawar ɗaukar ma'aikata wadda ɗan manomi zai iya ci ya zama babba a fada, aka yi ta yi fiye da shekara 1,000, sai a 1905 aka daina. Babban masallacin Xi'an, mai rufi irin na fadojin sarakunansu, har yau ana sallah a cikinsa. Konfushiyas kuwa, babban malaminsu da aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa, ginshiƙin koyarwarsa biyayya ga iyaye ne, kai ka ce a zauren gidanmu ya tashi. Wallahi ranar da na fara karanta wannan sai da jikina ya yi sanyi. Mutane ne da suka iya haƙuri, kaka ya ɗora tubali, jika ya zo ya ƙarasa.

To Sin ta yau ta kamu da son gajeriyar hanya, kuma ba waɗannan biyun suka fara ba. Su dai nasu ne ya fito a hoto. Ganuwar birnin Beijing wa ya rushe ta a shekarun 1950 da 1960? Hukuma. Masanin gine-gine Liang Sicheng ya yi ta roƙo a bar ta, a mayar da samanta wurin shan iska, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Yau titin zobe ne a gurbinta, da jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Wa aka kama? A 1966 matasa 'yan juyin al'adu suka dira Qufu, garin Konfushiyas, suka farfasa makabartarsa, wai za su gina sabuwar al'umma cikin gaggawa. Jama'a ta yi yawa, aka ce ɗa ɗaya kacal, daga 1980 har 2015. Gajeriyar hanya. Ga shi a 2022 yawansu ya ragu, karo na farko tun 1961. A 2013 sai da aka sa a doka cewa dole 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi. A ƙasar Konfushiyas fa! Yaro ya shiga aiki tara na safe ya tashi tara na dare, kwana shida a mako, yaushe zai je gaida tsohuwa? Wasu matasan har sun ce sun gaji da tseren, sun kwanta rigingine, a yi ba da su ba. Rashin aikin yi a tsakanin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari a watan Yunin 2023, a watan Agustan shekarar aka ce an dakatar da fitar da alƙaluman. Ita ma wannan katafila ce, ba ta dai da taya.

Na san me za ku ce. Sun fitar da ɗaruruwan miliyoyi daga talauci. Na ji, na yarda, Allah ya ƙara. Sai kuma a ce don haka kada a yi magana? Wani zai ce in fara duba badalar Kano da aka yanka filaye aka yi shaguna. Na gani, kullum ta nan nake wucewa, ranar tata na zuwa. Su Sinawa ne nake tsammanin sun fi ƙarfin wannan, shi ya sa nasu ya fi min ciwo.

Af, tunda ana maganarsu, koren shayin nan da Buzaye ke dafa mana a bakin layi, duba kwalin, daga Sin yake zuwa. Shi kam sai an yi masa dahuwa uku, ba a yi masa sauri.